Kwamfutar gwanjo bayan Windows 10: Linux Mint ce ta fi dacewa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, shekara 10 bayan fitowarta. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta, da hotunan biki da takardun makaranta da karatuttukan malamai, shi ya sa mutane da dama ba su ɗauki maganar da wani nauyi ba. Abin da ya sauya ba ya fitowa a fuskar allo. Daga wannan rana, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar za ta zauna a buɗe, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya tanada, shi ma na masu kwamfutar gida an sanar da cewa zai ƙare ranar 13 ga Oktoba, 2026.

Shawarar Microsoft ita ce kowa ya koma Windows 11. To amma Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗanta: tana son ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana son ram giga 4 da wurin ajiya giga 64, sannan tana son furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017, ko makamancinsu na AMD. Duk wanda ya san Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san inda matsalar take. Kwamfutocin da ɗalibi da malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci suke iya saye su ne irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, kuma dukkansu 'yan zubi na 6 ne. Folio 9470m, wadda har yanzu ake cinikinta saboda sirantarta, 'yar zubi na 3 ce. Injina ne masu ƙwari, an ƙera su domin ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu suna da sauran shekaru a gaba. Amma a jerin Microsoft ba su da gurbi.

A ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Wanda ya san hanyar da kayan gwanjo ke bi ba ya buƙatar a gaya masa cewa wani kaso na wannan tari zai sauka a tashoshin jiragen ruwan Legas da Kwatano, daga nan ya hau mota ya nufi arewa.

Masu gyara a kasuwa sun riga sun samo dabara. Da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus ana iya tsallake binciken TPM da na furosesa, a tura Windows 11 cikin injin da ba ta amince da shi ba. Tana hawa, kuma tana aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan kwamfutoci ba su da tabbacin samun gyare-gyare, kuma babban sabuntawar da ake yi kowace shekara ba ya zuwa musu da kansa, sai an sake komawa wurin mai gyara. A injin da ke da ram giga 4 da tsohon faifai mai juyawa, Windows 11 tana jan ƙafa har mutum ya gaji da jira. Ga kuma tsohuwar al'adar da kowa ya sani: Windows ɗin bogi da Office ɗin bogi, waɗanda ake tayarwa da manhajar fasa lasisi, wadda ba ta yarda ta hau sai an kashe mai gadin kwamfutar tukuna. Mutum ya kashe mai gadi da hannunsa, ya shigo da abin da bai san wanda ya rubuta shi ba, sannan ya buɗe shafin bankinsa a kan wannan injin. Wannan ganganci ne, ko da kuwa ya zama ruwan dare.

Wanda yake ganin zancen gyaran tsaro tsoratarwa ce kawai sai ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnatin Birtaniya, ta nemi kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda maganin bai kai ga injinansu ba.

Akwai hanya ta uku, kuma ta daɗe. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wata babbar manhaja, wadda aka sa wa suna Linux, ya sake ta ga duniya, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa tun 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya kwafa, ya raba, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ta. Saboda haka wanda ya kwafi Linux a filash ya ba maƙwabcinsa bai ci haƙƙin kowa ba, kuma babu wata lambar lasisi da za a nema daga baya. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ma suna ɗauke da ita a aljihu ba su sani ba, domin a kan zuciyar Linux aka gina Android. Tun watan Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Inda sabon shiga yake rikicewa shi ne wajen zaɓe. Da yake kowa na da izinin ɗaukar zuciyar ya gina nasa a kai, an wayi gari da ɗaruruwan nau'o'i: Ubuntu, Debian, Fedora, Arch, Manjaro, Zorin, MX, Mint, da sauransu. Mutum ya tambayi masana biyar ya samu amsa biyar, kowa na yabon wadda yake amfani da ita. Mafi yawan wannan muhawara ta masu sha'awar kwamfuta ce, waɗanda kwance ta da sake ɗaura ta ke ba su nishaɗi. Mai shagon magani da ke son ajiye lissafinsa, ko ɗalibar ajin ƙarshe da ke rubuta kundin bincikenta, abin da suke tambaya daban ne: wace ce za ta hau cikin sauƙi, ta gane Wi-Fi da sauti da firinta, ta buɗe takardu da bidiyo, ba ta cinye data a ɓoye ba, kuma ta zauna shekaru ba a sake taɓa ta ba? Idan aka auna da wannan mudu, Linux Mint ce a gaba.

Wani Bafaranshe mazaunin ƙasar Ireland, Clément Lefèbvre, ya fara Mint a 2006, kuma da gudummawar masu amfani da ita ake tafiyar da aikin. A kan Ubuntu mai dogon wa'adi ake gina ta, saboda haka duk manhajar da aka yi domin Ubuntu, da kusan duk bayanin warware matsala da aka rubuta dominta, suna aiki a Mint. Zubi na 22, wanda ya fito a watan Yulin 2024, zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Abin da take nema daga injin kaɗan ne: ram giga 2 ya isa ta tashi, giga 4 ya sa a ji daɗinta, da wurin ajiya giga 20. Fuskarta, wadda ake kira Cinnamon, ba ta ba wanda ya saba da Windows 7 ko 10 mamaki: maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo da batir da alamar Wi-Fi suna ƙasa ta dama, manyan fayiloli suna inda ido ya saba neman su. Masu ilimin kwamfuta sukan raina wannan, amma ga dattijon da ya koyi amfani da ita bayan ya haura shekara 50, shi ne ke raba tsakanin ya ci gaba da aiki ko ya mayar da ita cikin jaka. Wanda injinsa ya fi rauni sai ya ɗauki Mint mai fuskar Xfce, wadda ta fi sauƙin ɗauka.

Nauyin abin da za a sauke ma abin dubawa ne, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashinsu a watan Janairun 2025. Fayil ɗin Mint bai kai giga 3 ba, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa giga 6. Kuma sau ɗaya ake saukewa. Filash guda ya isa a ɗora wa unguwa baki ɗaya.

Yadda ake ɗora ta ba wani sirri ba ne. A sauke fayil ɗin daga shafin Mint na ainihi, a samo filash mai giga 4 ko 8, a rubuta fayil ɗin a kansa da Rufus ko balenaEtcher. A kashe kwamfutar, a soka filash ɗin, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Cikin minti ɗaya ko biyu Mint za ta buɗe daga kan filash ɗin, ba tare da ta taɓa komai a cikin faifan kwamfutar ba. Wannan mataki shi ne mafi daraja a duk aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa da gaggawa. Kamar mai sayen babur ne da aka ba shi makulli ya zaga unguwa kafin ya biya. A nan ne mutum zai haɗa Wi-Fi ya ga ko ya kama, ya kunna bidiyo ya ji sauti, ya gwada kyamara da makirfo, ya ƙara haske ya rage, ya rufe murfin ya buɗe ya ga ko ta farka, ya soka firintarsa. Idan komai ya yi, sai ya ci gaba. Idan wani abu ya ƙi, sai ya zare filash ɗin, Windows ɗinsa na nan yadda ya bar ta.

Tambayoyin da take yi yayin ɗorawa ba su da yawa: harshe, tsarin allon rubutu, yankin lokaci, suna da kalmar sirri. Akwai wani ɗan akwati da ake so a sa wa alama domin ta sauko da kayan buɗe kowane irin bidiyo da sauti, kuma kada a bar shi. Tambaya ɗaya ce mai haɗari, wato ta faifai: a zauna tare da Windows, kowa da ɓangarensa, ko a goge komai? Wanda ya zaɓi gogewa ya goge ne har abada. Don haka kafin a fara komai, a kwashe duk abin da ake so zuwa wani faifan na waje, a buɗe shi a wata kwamfutar a tabbatar ya kwafu. Sannan a cika batir, domin ɗauke wuta a tsakiyar rabon faifai na iya lalata duka ɓangarorin biyu, kuma batirin kwamfutar gwanjo ba abin dogaro ba ne. A injin mai SSD aikin bai cika wuce minti 15 ba.

Akwai wuraren tuntuɓe, kuma ɓoye su zalunci ne ga mai karatu. Wasu kwamfutocin HP da Dell da tsofaffin MacBook suna ɗauke da katin Wi-Fi na Broadcom, wanda ba ya tashi sai an ɗora masa direbansa. Mint tana da manhaja ta musamman domin direbobi, wadda ke iya ɗauko na Broadcom daga kan filash ɗin da aka yi ɗorawa da shi ko babu intanet. Ko kuma a haɗa wayar hannu da igiyar caji a ari intanet ɗinta na 'yan mintuna. Ta wannan manhaja ake ɗora direban katin hoto na NVIDIA ma. Wasu injinan kuma faifansu ba ya bayyana sam, saboda an saita shi a tsarin RST na Intel, sai an shiga BIOS an mayar da shi AHCI, kuma wanda ke son ya riƙe Windows a gefe ya nemi wanda ya iya, don sauya wannan saiti kai tsaye na iya hana Windows tashi. Idan an kulle faifan da BitLocker, a nemo lambar buɗe shi a rubuta a takarda kafin a taɓa komai. Na'urar karanta yatsa da ke jikin wasu kwamfutocin ba ta aiki ko kaɗan. Batir kuwa, a wasu injinan yana daɗewa kamar yadda yake a Windows, a wasu yana ɗan gazawa, abin da ba ƙarami ba ne a garin da wuta ke zuwa ta tafi.

Bayan ɗorawa ne ake gane dalilin fifita Mint. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice da manhajar kallon bidiyo, a shirye. Chrome da VLC da Zoom da Telegram duk suna da nasu na Linux. WhatsApp ba shi da manhajar Linux daga kamfaninsa, amma na burauza yana aiki, kuma Mint tana da wani ɗan kayan aiki da ke mayar da kowane shafi ya zama kamar manhaja mai tagarta. Gyare-gyare ba sa saukowa sai mai kwamfutar ya danna, kuma ana nuna masa nauyinsu kafin ya amince, saboda haka yana iya jira har dare ya sayi datar dare mai rahusa, ko ya kai inda ake da Wi-Fi. Ba ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Akwai kuma Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar lokaci-lokaci, ta yadda idan wani gyara ya ɓata abu sai a koma yadda ake jiya. Abu ɗaya da mai tattalin data zai kula da shi: a rumbun manhajoji, wani lokaci akan ga manhaja ɗaya a siga biyu, ta asali da ta Flatpak, kuma ta biyun na iya jawo ɗaruruwan mega a saukewar farko.

Bairos ɗin nan da ke bin filash daga shagon buga takardu zuwa gida, ya ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ba ya iya tashi a Linux. Hasali ma da Mint ake iya buɗe filash ɗin a ga fayilolin da ya ɓoye a kwashe su. Wannan ba ya nufin mutum ya tsira daga komai. Saƙon yaudara da ke cewa an rufe asusunka, ka turo BVN da lambar sirri, ba ruwansa da irin manhajar da ke kan kwamfuta.

Sauran fa? Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, ita ce ta fara mayar da ɗora Linux aikin kowa da kowa, kuma ta cancanci wannan yabo. Amma fuskarta ta yau ta fi nauyi, ta kuma bambanta da abin da mutane suka saba, sannan manhajojinta na Snap suna sabunta kansu a bayan fage ba tare da neman izini ba, abin da Mint ta rufe wa ƙofa tun 2020. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da malamansa ke koyarwa da Ubuntu ya ɗauke ta, babu laifi. Zorin OS, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Artyom da Kyrill Zorin, ke haɗawa a Dublin, ita ce ta biyu a wannan ma'auni. Kyakkyawa ce, ta yi kama da Windows sosai, sai dai ta ɗan fi Mint nauyi. Fedora tana fitar da sabon zubi duk wata 6, kuma kowane zubi wa'adinsa kimanin wata 13 ne, wanda ke nufin babban saukewa kowace shekara. Debian uwa ce ga Ubuntu da Mint duka, kuma tun zubi na 12 a 2023 ta sauƙaƙa matsalar direbobi, amma har yanzu tana barin wa mutum ayyukan da Mint ta riga ta gama masa. Arch ta masu son koyon ciki da waje ce. Kali kuwa, wadda samari ke rububin ɗorawa saboda sun ji ana cewa ta masu kutse ce, kayan aikin ƙwararrun gwajin tsaro ce, kuma masu yin ta da kansu sun ce ba a yi ta domin amfanin yau da kullum ba.

Akwai waɗanda bai kamata su sauya ba, kuma gara a faɗa musu tun da wuri. Duk wanda abincinsa ke fitowa daga CorelDRAW, wato masu zana katin biki da kalanda da fastocin 'yan siyasa, ya zauna a Windows, domin CorelDRAW ba ta da na Linux, kuma duk da Inkscape tana buɗe wasu fayilolinta, ba ta buɗe su daidai yadda maɗaba'a ke so. Haka mai Photoshop, da mai tace fim da Premiere Pro, da injiniya mai AutoCAD. Haka wanda ke aiki da wata na'urar ɗaukar hoton yatsa ko manhajar ofis da aka rubuta domin Windows kaɗai. Irin waɗannan ko dai su raba faifai su riƙe duka biyu, Windows domin sana'a ba tare da yawan hawa intanet da ita ba, Mint domin banki da saƙonni, ko kuma su tara kuɗi su sayi injin zubi na 8.

Microsoft Office ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta na da ɗan tsawo. Word da Excel ba sa hawa Linux, sai na cikin burauza. LibreOffice, wadda aka fara a 2010, tana buɗe fayilolinsu tana kuma adanawa a sigarsu, kuma ga wasiƙa da takardar jarrabawa da lissafin shago ba a ganin bambanci. Inda ake samun saɓani shi ne doguwar takarda mai jadawali da yawa, ko fayil ɗin Excel mai rikitattun umarni. Yawancin koken da ake yi cewa shafuka sun zame daga haruffa yake fitowa: makarantu na cewa a rubuta da Times New Roman, ita kuwa Mint ba ta zuwa da shi. Ana iya sauke shi kyauta daga rumbun manhajoji, kuma ko ba a sauke ba, Liberation Serif da take zuwa da shi faɗinsa ɗaya da Times New Roman, don haka layuka ba sa motsi. Wanda zai kai aiki shagon bugawa ya mayar da shi PDF tukuna. Maɓalli ɗaya ne a LibreOffice, kuma yana kashe gardama da mai shago.

Marubucin Hausa yana da nasa rabon. A cikin jerin tsare-tsaren allon rubutu da Mint ke nunawa tun wajen ɗorawa akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Ghana, masu ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, ga na Larabci, ga na Faransanci domin mutanen Maraɗi da Damagaram, kuma ana sauyawa tsakaninsu da danna maɓalli biyu. Masu rubutun ajami na iya ɗora haruffan Alkalami da ƙungiyar SIL ta zana bisa salon rubutun Kano, su ma kyauta ne. Abin da bai samu ba tukuna shi ne cikakkiyar fassarar fuskar manhajar zuwa Hausa. Ƙofar wannan aiki a buɗe take ga duk mai so, a dandalin Launchpad inda ake fassara Mint, kuma aiki ne da ya dace da sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni su haɗa hannu a kai, su ba ɗalibai a matsayin aikin kammala karatu.

Ba yau Najeriya ta fara haɗuwa da wannan zaɓe ba. A 2007 an yi cinikin ƙananan kwamfutocin Intel Classmate guda 17,000 domin makarantun ƙasar, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai ga shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Steve Ballmer na Microsoft, yana kokawa cewa bayan an gama ciniki an gaya masa za a goge manhajarsa a ɗora Windows. Manyan kamfanoni sun san cewa abin da yaro ya fara koyo da shi, shi zai nema idan ya girma. Wasu gwamnatocin sun ɗauki maganar da gaske: jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana tafiyar da kwamfutocin makarantunta da Linux, jandarmomin Faransa suna da tasu Ubuntu a dubun-dubatar injina, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Birnin Munich ya yi irin wannan sauyi, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017, wanda ke nuna cewa sauyin na buƙatar horo da masu tallafi da haƙuri. Makarantar sakandare mai ɗakin kwamfuta cike da injinan da aka ba ta kyauta shekaru 10 da suka wuce ba ta da wannan babbar matsalar ta Munich. Malami ɗaya da filash ɗaya na iya tayar da ɗakin a ƙarshen mako guda.

A ƙarshe dai, mutumin da maganar ta fi rataya a wuyansa shi ne mai gyara. Talaka ba ya ɗora babbar manhaja da kansa. Yana kai kwamfutar kasuwa ne ya ce a yi masa fomatin, kuma abin da ke kan filash ɗin mai shago shi zai tafi da shi gida. Idan mai shagon bai san Mint ba, abokin cinikinsa ba zai taɓa jin labarinta ba, kuma wanda ya ɗora da kansa zai rasa inda zai je ranar da firinta ta ƙi. Wasu masu gyaran suna tsoron kwamfutar da ba ta kamuwa da bairos za ta rage musu ciniki. Amma allo zai ci gaba da fashewa, batir zai ci gaba da mutuwa, kuma akwai sabon aiki a gabansu: sauya tsohon faifai da SSD, ƙara ram zuwa giga 8, kwashe fayiloli, ɗora Mint, da zama da mai kwamfutar na rabin awa a nuna masa inda komai yake. Duk wannan aiki ne da ake biya. Da manhajar Ventoy, filash guda mai giga 32 na iya ɗaukar Mint mai Cinnamon da mai Xfce da Zorin da Windows a tare, mai gyara ya kunna wa abokin ciniki kowace ya gani da idonsa kafin a goge komai. EliteBook 840 G3 da aka yi wa wannan hidima za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.